Alhamdulillah, an sauke nauyi

Assalamu alaikum. Jiya da la'asar na kare kundin digirina na uku a fannin dokar kiwon lafiya, malamai kuma sun amince da shi. Shekara shida! Yajin aikin 2022 da ya cinye mana wata takwas, da jinyar Inna, duk kun sani, ba sai na maimaita ba. Ni dai yau barci nake nema.

Amma godiyata ba za ta cika ba in ban ambaci daren da numfashin Inna ya sarƙe ba. Wajen ƙarfe biyu muka isa wani asibiti, aka ce sai an ajiye kuɗi kafin a taɓa ta. Ga babi na huɗu a jakata, wanda na rubuta a kan sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, sashen da ya hana a ƙi karɓar mai neman taimakon gaggawa ko da wane dalili, har da tarar naira dubu ɗari ko ɗaurin wata shida. Na haddace shi, na koyar da shi a aji. Wallahi a gaban tagar biyan kuɗin nan bakina ya mutu, transfa kuma ta ƙi tafiya.

Ashe mai adaidaitan da ya kawo mu bai tafi ba. Ya zaro cinikinsa na yini, 'yan ɗari biyar-biyar da gumi ya yi wa laushi, ya ƙirga, ya tura ta tagar, ya ce, "Hajiya, a fara duba Mama tukuna." Kafin hankalina ya dawo jikina ya ɓace. Ko sunansa ban tambaya ba. Ya Allah Ka suturta shi duniya da lahira, Ka jiƙan mahaifansa, Ka buɗa masa ta inda bai zata ba, kada Ka nuna masa irin wannan dare.

Farfesa, na san ba ka son a ambace ka, ka yi haƙuri, jan bironka ne ya mai da ni mutum. Abban yara da ya koyi dama koko saboda ni, Goggo da ta riƙe mini auta, Baba maigadin laburare da ke jira na har bayan isha'i, Allah Ya saka muku da Aljanna.

Waɗanda wayarsu ta yi ta ƙara a daren nan ba a ɗauka ba, na ga hotona da kuka sa jiya. Allah Ya bar zumunci.

Walima sai Inna ta ƙara samun ƙarfi. Har yanzu ina leƙa fuskar duk mai adaidaitan da na shiga.