Abin da reza ta koya mini a ɗakin tace murya

Na shiga aikin rediyo a zamanin da ake ɗaukar murya a zaren tef mai faɗin rubu'in inci, yana gudun inci 7 da rabi kowane sakan. In za ka cire kalma, sai ka yi ta murza faifan da hannu, gaba da baya, har kunnenka ya kama bakin kalmar. Ka sa alama da fensir, ka kwantar da zaren a kan ɗan ƙarfe mai tsaga, ka yanka da reza a karkace, sannan ka liƙe. Tsofaffin ma'aikata kan rataya guntun da suka yanke a wuya, har sai sun tabbata ba za su sake nemansa ba.

Mai sauraro ya san mai gabatarwa. Furodusa kuwa yana bayan gilashi, ido a kan agogo, shi ne mai yanke hukuncin abin da zai fita da abin da zai faɗi ƙasa. Ban san nauyin wannan hukunci ba sai ranar da na yi hirar minti 20 da wata dattijuwar ungozoma, alhali gurbin da aka ba ni minti 4 ne kacal. Ta yabi wani magani, ta yi shiru, ta ja numfashi, sannan ta ce “amma”, ta lissafa matan da bai kamata su sha ba. Ni kuwa lokaci nake nema ruwa a jallo, sai na datse daidai wurin shirun.

Washegari ta zo har ofis. Ba ta ɗaga murya ba.

“Ɗana, muryar tawa ce, amma maganar ba tawa ba ce.”

“Mama, ki gafarce ni,” shi ne iyakar abin da bakina ya iya furtawa. Mun sake sa hirar cikakkiya, to amma wa zai ba ni tabbacin duk wadda ta ji ta farkon ta ji ta biyun? Har yau abin yana ci mini rai.

Da na koma talabijin sai na tarar ɓoye yanka ya fi sauƙi. Hoto 25 ke wucewa a sakan guda, kuma da ka saƙa hoton hannun baƙo, ko na ɗan jarida yana gyaɗa kai, mai kallo ba zai taɓa gane an tsallake jimla uku ba. Yanzu ga kwamfuta, yaro ya yanka ya mayar sau goma kafin ka ƙifta ido, ga sauri, ga tsabta. Sai dai na lura da yawansu zanen muryar suke kallo a allo, duk inda layi ya kwanta, wato wurin shiru, su share, ba su saurari abin da ya biyo baya ba.

Duk wanda aka turo mini koyon aiki, nakan sa shi ya juya wa allon baya, ya ji hirar daga farko har ƙarshe kafin ya taɓa komai. In lokaci ya matse, gabatarwarmu muke fara ragewa, sai kiɗan buɗe shiri, kafin mu kai ga maganar baƙo.