TSH 6.8, T4 lafiya lau

Laraba, bayan la'asar.

Takardar gwajin da ta fi cin lokaci a asibiti yau ta wata mata ce mai shekara arba'in da ɗoriya: TSH 6.8, T4 kuwa yana cikin ƙa'ida. Sinadarai ne biyu da ake aunawa a jini don duba aikin tayirod, wani ƙullutu da ke wuya: T4 ita ke fitar da shi, TSH kuma shi ke zaburar da ita. Kukanta kasala da jin sanyi ko ana zafi. Ta ce, "Likita, maƙoƙo ne ke nan?" Ba shi ba ne, wuyanta babu kumburi.

A yawancin ɗakunan gwaji ƙa'idar TSH daga 0.4 ce zuwa 4 ko 4.5. Idan tayirod, wadda ke gaban maƙogwaro, ta fara sanyin aiki, wani ɗan ƙullutu da ke ƙasan ƙwaƙwalwa yakan ƙara fitar da TSH don ya zaburar da ita, kamar mai jaki da ya ƙara bulala. Kaya na isa kasuwa, shi ya sa T4 bai faɗi ba tukuna. Ranar da bulala ta daina ci, T4 ya faɗi, ciwon ya fito fili: taurin bayan gida, bushewar fata, ƙiba, rikicewar al'ada.

Ba kowa ke kaiwa can ba. Da yawa in an sake gwaji sai a ga ya koma daidai, musamman wanda bai daɗe da tashi daga jinya ba. Don haka za ta dawo bayan wata 2 zuwa 3, a haɗa da gwajin TPO, mai nuna ko garkuwar jikinta ce ke cin tayirod ɗin, wato cutar Hashimoto. A binciken Whickham na Ingila, da aka bi mutane shekara 20, matan da TSH ya hau kuma TPO ya nuna, kusan 4 cikin 100 ne ke faɗawa cikakken ciwo duk shekara. Kaɗan ne a ido, amma shekara goma ba wasa ba ce. Masu shan amiodarone (maganin rikicewar bugun zuciya) ko lithium (maganin wata larurar ƙwaƙwalwa) ma sai an sa musu ido, don suna iya taɓa tayirod.

Ba a ba ta magani yau ba. Da TSH ya kai 10, ko tana da ciki ko tana nema, da maganar ta sauya: levothyroxine, ƙwayar da ke maye gurbin T4, a sha da ruwa zalla, minti 30 zuwa 60 kafin koko da ƙosai, a sake gwaji bayan mako 6 zuwa 8. Inda aka fi yin kuskure, haɗa shi da ƙwayar ƙarin jini, wadda ke hana hanji tsotse shi. A bar awa 4 tsakaninsu.