Daga Muar zuwa Makam Pahlawan: bin sawun Mohamed Noah Omar

Motar da na shiga a tashar TBS ta Kuala Lumpur ta yi sama da awa biyu tana ratsa gonakin kwakwar manja kafin ta sauke ni a Muar, wani gari na bakin kogi a jihar Johor. A nan aka haifi Mohamed Noah bin Omar a 1897, mutumin da ya fara zama kakakin majalisar wakilan ƙasar Malesiya, wadda suke kira Dewan Rakyat. Na yi sallar azahar a masallacin Sultan Ibrahim da ke gaɓar ruwa, na ci otak-otak, wato niƙaƙƙen kifi mai yaji da ake gasawa a cikin ganye, sannan na yi ta yawo a tsakanin tsofaffin kantuna.

Johor ita ce mahaifar UMNO, jam'iyyar haɗin kan al'ummar Malay. A 1946 Turawan Ingila suka kawo tsarin Malayan Union, wanda zai rage ikon sarakunan Malay, jama'a kuwa suka ƙi shi ƙememe, har aka kafa jam'iyyar a Johor Bahru a watan Mayu ƙarƙashin Onn Jaafar, kuma Noah yana cikin waɗanda aka faro tafiyar da su. Bayan samun 'yancin kai a 1957, shi aka ɗora a kujerar kakaki daga 1959 zuwa 1964, daga baya kuma ya shugabanci majalisar dattawa.

Washegari na koma Kuala Lumpur, na tsaya daga nesa ina kallon ginin majalisar da aka buɗe a 1963, lokacin Noah yana kan kujerar kakaki. Abin da ya ɗaure mini kai game da shi, ban ɓoye ba, shi ne yadda alhaji kamarsa ya haɗa hannu da ɗan kasuwa Lim Goh Tong a 1965 wajen kafa kamfanin Genting, wanda gidan cacarsa na kan tsauni ya shahara a duk yankin.

Da la'asar na shiga Makam Pahlawan, maƙabartar manyan ƙasa da ke jikin Babban Masallacin Ƙasa. A ƙarƙashin farar rumfar kankare akwai kaburburan tsofaffin firaministoci Abdul Razak da Hussein Onn, kuma dukansu surukan Noah ne, domin na farko ya auri 'yarsa Rahah, na biyu ya auri Suhaila. Najib Razak, firaminista na shida, jikansa ne. Shi dattijon ya binne surukan nan duka biyu kafin ya rasu a 1991, aka sa shi a filin waje, inda rana ke dukan duwatsun kabari. Masu ziyara suna ta wucewa zuwa cikin rumfa, ni kuwa na tsaya a wajen, na yi masa addu'a, har ladan ya fara kiran magariba.