Ni da Dinyar Kanada: Abin da Na Rubuta a Littafin Lambuna, Shekara ta Biyu

'Yan uwa 'yan koyon lambu, barkanmu da ganin kaka. Wanda ya san ni ya san ba sha'awar furanni ce ta jefa ni wannan harka ba, kashi ne. Bayan gidanmu a nan jihar Minnesota akwai ɗan tafkin da aka haƙa don tara ruwan sama, tsakaninsa da ƙofar kicin kuma filin ciyawa ne mai taku kamar arba'in. Ranar da muka tare, maiɗakina ta leƙa ta ce to ga wurin shan iska mun samu. Ashe wurin da masu shi.

Ina ce musu dinya don ita ce mafi kusa da su a tsuntsayen da na sani, irin wadda ake gani a fadamun Hadeja da Nguru. Ta Kanada dai kamanninta dabam: dogon baƙin wuya, farin haɓa kamar an ɗaure mata ƙyalle, jiki ruwan ƙasa. Ciyawa take kiwo kamar tunkiya, cikinta kuma ba ya riƙe abinci, tana ci tana saukewa. Bara na yi ta sayen kayan tsoratarwa. Na kafa mutum-mutumin roba mai siffar dilan ƙasar nan, suka yi kwana uku suna kewaye shi daga nesa, a na huɗu na tarar da ɗaya kwance a inuwarsa. Na ɗaura zirin leda mai ƙyalli, iska ta kai shi gidan maƙwabci. Na fesa maganin nan mai ƙamshin inabi da ake cewa yana ɓata musu ɗanɗanon ciyawa, ya yi aiki har zuwa ruwan sama na farko, kuɗina suka bi kwata. Sai a ƙarshen bara na dasa dogayen ciyayi a bakin ruwan. Ga abin da na rubuta bana.

Ƙarshen Maris. Ƙanƙara ba ta gama narkewa a tafki ba, amma namiji da mace sun sauka. Ina kyautata zaton na bara ne, don macen dinya kan koma inda ta saba yin sheƙa, 'ya'yanta mata ma kan dawo inda suka koyi tashi. Tsuntsuwa ce mai tsawon rai, ana samun wadda ta haura shekara ashirin. Kenan duk ɗan tsakon da aka ƙyanƙyashe a bayan gidanka, baƙo ne na shekaru.

Kuskuren farko na bana tun bara na tafka shi. Da kaka ta yi, ciyayin da na dasa suka bushe, sai jinin manomi ya motsa, na bi su da lauje na share fili tas kamar mai shirin shuka gero. Yanzu ga lokacin da dinya ke zaɓen wuri ya zo, bakin ruwan nawa fayau. Da na bar karan a tsaye ya ci sanyi, da ya yi mini rabin aikin. Ku rubuta wannan ku ajiye.

Tsakiyar Afrilu. An samu sheƙa a ɗaya gefen tafkin, cikin kachalla, ƙwai shida. Wani abokina a gida da na tura wa hoto ya ce, "Malam, ga nama ga ƙwai Allah Ya kawo maka har gida kana ta surutu?" Na yi dariya. A Amurka tsuntsun nan yana ƙarƙashin dokar kare tsuntsaye masu ƙaura ta 1918, ba shi kaɗai ba, har ƙwansa da sheƙarsa. Akwai lokacin farauta da kaka ga mai lasisi, amma ba a tsakiyar unguwa ba. Ƙwan ma ba ka taɓawa sai da sahalewar hukuma. Ƙungiyar masu gidajen unguwarmu ce ta nemo takardar, ni dai na bi su a matsayin mai riƙe lema.

Aikin lemar ba wasa ba ne. Namijin yana tahowa da wuya a miƙe ƙasa-ƙasa, yana huci kamar kububuwa, sai ka buɗe masa lema a fuska ka tsaya daram. Abokin aikina ya ɗauko ƙwan ɗaya bayan ɗaya yana sakawa a bokitin ruwa. Wanda ya nutse, ɗan bai yi nisa ba, sai a goge shi a shafe shi da man masara tsantsa a mayar cikin sheƙa. Man yana toshe ƙofofin iska na ɓawon, ƙwan ba zai ƙyanƙyashe ba. Wanda ya taso saman ruwa ya wuce mako biyu, ɗan ya riga ya zama halitta, wannan ana mayar da shi ba a taɓa shi. Dalilin da ya sa ba a fasawa ko a kwashe kuwa, in ta ga babu ƙwai sabo za ta saka. In ta ga suna nan sai ta ci gaba da kwanci, kwana ashirin da takwas ko fiye, har lokacin saka ya wuce. Duka shidan sun nutse. Ban ji daɗin aikin ba, gaskiya, musamman da na riƙa hango ta daga taga tana kwance kan abin da ba zai fito ba. Amma na gwammace shi a kan kamun da wasu garuruwa ke yi a tsakiyar bazara a kwashe su garke guda.

Mayu. Wata sheƙar ta ɓuya mana. Ranar wata Asabar sai ga uwa a gaba, uba a baya, 'yan tsaki biyar rawaya a tsakiya, sun jero sun hau filina kamar an aiko su.

A nan ne na zauna na kalle su da kyau, abin da ya kamata in yi tun bara kafin in sayi komai. Na ɗauki kofin shayi na yi safiya uku a bakin taga. Kullum in suna kiwo akwai mai gadi, ɗaya da kansa a sama yana dube-dube. Ba sa nisa da ruwa sai in suna hangen hanyar komawa. Ba sa shiga inda ciyawa ta kai musu ido, don ba su san abin da ke laɓe ciki ba. Kuma tsiron da suke so shi ne sabo, ɗanye, mai laushi, wato daidai abin da ke fitowa bayan ka yi yanka ka zuba taki ka ba da ruwa. Sai na ga ai ni ne nake dafa musu tuwo in share musu hanya, sannan in fito da tsintsiya ina masifa. Filin ciyawar da Ba'amurke ke alfahari da shi, gajere, kore shar, ya gangara har bakin ruwa ba shamaki, in da dinya za ta zana wa kanta aljanna haka za ta zana.

Akwai wani abin mamaki a tarihinsu. Babban nau'in nan da ya cika mana unguwanni an taɓa ɗauka ya ƙare a duniya saboda farauta. A 1962 ne wani masanin tsuntsaye, Harold Hanson, ya gano garkensu a tafkin Silver Lake da ke garin Rochester a nan Minnesota, inda a wancan lokacin ruwan ɗumin tashar wutar lantarki ke hana tafkin daskarewa. Daga nan hukumomi suka yi ta kiwonsu suna rarrabawa jihohi. Yau jikokinsu ne ke lalata mini takalmi.

Na daina zuba wa filin taki gaba ɗaya. Na ɗaga wuƙar injin yanka zuwa inci huɗu. A wuraren da suka yi sanƙo na watsa irin wata ciyawa mai kaushin ganye da ake kira feskiyu doguwa, wadda ba sa so sosai. Ba ta kai ciyawar farko kyau ba, maiɗakina ta faɗa mini, na kuma ji.

Yuni zuwa tsakiyar Yuli. Wannan shi ne lokacin da ya fi kowane muhimmanci. Manyan suna zubar da gashin fukafukai, sai su yi kusan wata guda ba sa iya tashi, 'ya'yan kuma ba su koya ba tukuna. Kowa a ƙafa yake. Bara a irin wannan lokaci na ƙirga talatin da ɗaya a filina, don wasu sukan taho daga wani wuri su yi zubar gashin a inda ke da ruwa da kiwo. Kullum da asuba sai na cika rabin bokiti.

Bana tun farkon Yuni na kafa turaku a bakin ruwa na ja ragar waya mai tsayin ƙafa biyu da rabi, daga iyakar maƙwabcin dama zuwa ta hagu. Da farko igiya biyu na ja, ɗaya a ƙasa ɗaya a sama, 'yan tsakin suka bi ta ƙarƙashi, iyayen suka tsaya suna ihu har suka gano ƙarshen igiyar suka zagayo. Raga ce ta yi magani, ita ma sai da na lanƙwasa ƙarshenta ta hau tudu taku goma ta kowane gefe. Shingen nan ba shi da amfani a watan Satumba, tsallake shi za su yi ta sama. A waɗannan makonni shida kuwa ya rage mini kashi ƙwarai, har na koma shara sau biyu a mako. Sun koma filin maƙwabcina na hagu, dattijo mai kirki da ke watsa musu burodi. Na je na gaishe shi, na yi masa bayanin cewa burodi yana iya karkatar wa 'yan tsaki fukafukai su kasa tashi har abada. Ya saurare ni da kyau, ya gode, washegari ya fito da ledarsa.

Bari in ɗan tsaya kan ciyayin bakin ruwa, tunda su ne ainihin sana'ar da nake koyo. Babbar cikinsu ita ce wadda na raɗa wa suna gambar Amurka. Ba zolaya ba ce, dangi ɗaya suke da gambar da ake saƙa zana da ita a gida, kuma in ta girma takan fi mutum tsayi. Halinta ne sai mai haƙuri: shekarar farko duk ƙarfinta a saiwa yake tafiya, sama ba ka ganin komai sai 'yan ganye kamar an yi asara. Kuma ba ta farkawa sai ƙasa ta yi zafi, har ƙarshen Mayu na ɗauka ta mutu. Don haka na haɗa ta da wasu ciyayin fadama 'yan gidan su aya da jiji, masu tsirowa tun sanyi bai gama tafiya ba. Na sa kuma wani fure mai ruwan hoda, ɗan uwan tumfafiya, in ka karya ganyensa farin ruwa ke fita, malam-buɗe-littafi na sonsa. Duk dashe na saya, ba iri ba, na jera su taku ɗaya tsakani. Dinya ta tuge mini kusan kashi ɗaya cikin huɗu a makon farko na bara kafin in rufe su da raga. Masana na cewa shamakin ya kai tsayin ƙafa biyu da rabi, faɗinsa kuma ƙafa ashirin ko fiye. Nawa faɗinsa ƙafa takwas ne, iyakar abin da aljihu da maiɗaki suka amince. Na bar 'yar hanya zuwa ruwa don yara, amma na yi ta a karkace kamar tafiyar maciji, yadda mai tsaye a bakin ruwa ba zai hango fili ba.

Agusta. Game da kashin kansa, ga abin da hannu ya koya mini. Kada ka taɓa shi da safe yana ɗanye, shafewa zai yi. Bari rana ta busar da shi, ka bi da manjagara mai ƙananan haƙora da shebur. Kada ka wanke shi da tiyo ya gangara tafki, don shi ke ciyar da gansakuka ruwan ya koma kore yana wari. Safar hannu dole, takalmin lambu kuma ba ya shiga ɗaki. Wani ɗan uwa ya tuna mini cewa a mazhabarmu ta Malikiyya kashin abin da ake cin namansa ba najasa ba ne. Na ce na yarda, amma ya zo ya gaya wa mai wanke dardumar.

Ɗan manomi ba ya iya zubar da taki a bola, zuciyata ba ta ba ni ba. Na haɗa shi da busassun ganye a ramin takin gargajiya, ina juyawa duk mako har tsakiyar ya yi zafin da hannu ba ya jurewa. Duk da haka ba na kai shi kusa da latas ko tumatir ko wani abin da ake ci ɗanye. Gindin furanni da bishiyoyi kawai.

Oktoba. Masu ƙaura daga arewa suna wucewa, da yamma sai ka ji kukansu a sama kafin ka gan su. Jiya wajen ashirin suka sauka a tafki, suka yi iyo suka zo daidai gabana. Gambar ta kai mini ƙirji a wasu wuraren, ta yi ja kamar tsatsa. Suka yi ta kai da kawowa a gabanta, ɗaya ta leƙa bakin hanyar nan mai lanƙwasa ta juya. Daga baya shida suka tashi suka dira tsakiyar filin ta sama, suka yi kiwon rabin sa'a. Sauran suka nufi wajen dattijo.

Na naɗe ragar na kai gareji. Akwai giɓi mai taku uku a kusurwar dama inda dashen bara bai kama ba, na sayo guda goma sha biyu zan cike shi ranar Asabar kafin ƙasa ta daskare. Lauje kuwa na ba maiɗakina ta ɓoye, na ce ko na tambaya kada ta ba ni sai Mayu.