Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Sunan da Na Ɓoye

Makon jiya na tsaya a inda Kawu ya kai ni shagon buga takardu a wajen Ƙofar Ƙaura, nan Katsina, cikin 1999. Marigayi Baba Malam, wanda ya ƙarar da rayuwarsa yana kwafar waƙoƙin ajami, yakan ce aikin da ba shi da sunan mai shi tamkar ɗa ne da ba a yanka wa rago ba. Yakan nuna mini yadda magabata ke saka sunansu a baitin ƙarshe, su kuma ɓoye shekara a cikin ramzi, wato haruffan da ke tsayawa a madadin lambobi.

A shagon ne wani ɗalibi ya nuna mini abin da ya hana ni barci. Ya buɗe Excel 97, manhajar lissafi ta kamfanin Microsoft, ya danna maɓallin F5, ya rubuta X97:L97, ya ƙara wasu danne-danne, sai layukan lissafin suka ɓace, muka ga kanmu muna shawagi bisa wasu tuddai har muka iske wani allo da sunayen waɗanda suka ƙera manhajar ke gudana a kansa. Daga baya na karanta labarin Warren Robinett, wanda kamfanin Atari na Amurka ya hana shi da abokan aikinsa sa suna a wasanninsu, shi kuwa ya gina ɓoyayyen ɗaki cikin wasan Adventure ya rubuta sunansa. Turawa na kiran irin wannan ƙwan Ista, ni kuwa ramzin Baba Malam na gani.

Wata bakwai na yi ina buga wa wani babban mutum littafinsa, ina gyara masa Hausa, wani lokaci har bayan sallar isha'i da janareta. Da ya kawo shafin godiya, ya gode wa direbansa, ni ko ambato babu. Kawu ya ce, "Yi haƙuri, ɗana, ai an biya ka." An biya ni, amma ba a yanka ragon ba.

Microsoft ta hana irin waɗannan ɓoye-ɓoye a 2002 saboda tsaro, kuma na fahimci dalilinsu, sai dai ban ga laifin waɗancan ma'aikata ba. Ni ma da babban mutumin nan ya ce in tsara masa gabatarwa, na jera jimlolinta yadda haruffansu na farko suka harhaɗa sunana da na mahaifina. Ya karanta, ya yaba, ya sa hannu a ƙasa. Hajiya kaɗai na faɗa wa, kuma har ta rasu littafin yana cikin adakarta.