Wa zai ja ayarin? Magana kan malamai da jagororin ziyarar Ƙasa Mai Tsarki

Duk lokacin da aka fara maganar tafiya Isra'ila a nan Katsina, tambayoyin da za ka ji ba su wuce nawa ne kuɗin kujera bana, yaushe za a tashi, biza ta fito ko ba ta fito ba, wane irin otal za a sauka. Da wuya ka ji wani ya ce to wai waye zai ja ayarin, mi ya sani, da wane yare zai yi mamu bayani. Ni kuwa a wurina wannan tambayar ta fi sauran nauyi, don na je na gani da idona, mutum biyu za su shiga jirgi ɗaya su taka wurare iri ɗaya, ɗaya ya dawo Littafi Mai Tsarki ya buɗe mashi ta yadda bai taɓa zato ba, ɗayan kuma ya dawo da hotuna da gajiya da satifiket na JP, wato shaidar ya je ziyara Urushalima, kawai, kuma sau da yawa bambancin daga wanda ke riƙe da makirufo a gaban bas ne.

Bari in ɗan fayyace ma wanda bai taɓa zuwa ba. Yawanci kowace bas tana da mutum biyu a gaba. Akwai jagora ɗan can, wanda muke ce ma gaid, a Isra'ila sai ya yi kwas na kusan shekara 2 ya ci jarabawa kafin ma'aikatar yawon buɗe ido ta ba shi lasin, zai iya zama Bayahude ko Balarabe Kirista ko Musulmi. Sannan akwai namu da muka taho da shi daga gida, fasto ko rabaran ko fada, shi ne mai addu'a da karatu da wa'azi. Hukumar ziyarar Kiristoci ta ƙasa, wato NCPC, da dokar 2007 ta kafa, tare da hukumomin jihohi, su ke shirya tafiyar, amma in an sauka ƙasa ziyarar tana hannun waɗannan biyun ne. In sun fahimci juna ka more, in kowa na jan nashi kuwa an yi asarar kuɗi da lokaci.

Kuma aikin nan ba sabo ba ne fa. Akwai wata mata mai suna Egeria da ta taso daga yammacin Turai ta yi ziyara tsakanin shekarar 381 da 384, ta rubuta ma 'yan uwanta mata abin da ta gani, kuma abin da ya burge ni a labarinta shi ne tsarin da suke bi, duk inda suka isa sai a yi addu'a, a karanta wurin da ya yi maganar wannan wajen a Littafi, a rera Zabura, a sake addu'a, sannan a wuce. Masu zaman ibada na wuraren su ke nuna mata hanya suna yi mata bayani. Jerome, malamin da ya fassara Littafi zuwa Latin, a Baitalami ya zauna tun 386 har ya rasu a 420. Su kuma Faransiskan, masu doguwar riga ruwan ƙasa da igiya a ƙugu da za ka yi ta gani a Nazarat da Kafarnahum da Gatsemani, tun 1342 Paparoma ya ɗora masu kula da wuraren nan, har yau suna nan, wasunsu ma masana tonon ƙasa ne, su suka yi aikin tono a Kafarnahum inda ake nuna gidan Bitrus.

Mu Allah ya taimake mu da gaid ɗinmu, wani dattijo Balarabe Kirista ɗan Nazarat, ba shi da hayaniya sam. Ranar da muka bar Urushalima za mu Yariko sai ya sa direba ya tsaya a wani tudu a tsakiyar jeji, ba coci ba shago ba komai, duwatsu ne farare da kwari mai zurfi da rana mai zafi. Ya ce kowa ya sauko. Ya ce Baba Fasto, malamin ayarinmu, ya buɗe Luka sura 10 ya karanta labarin mutumin da 'yan fashi suka tare a wannan hanyar har wani Basamariye ya tsaya ya taimake shi. Da aka gama sai ya ce ku dubi bayanku, Urushalima tana sama da teku da kusan mita 750, ku dubi gabanku, Yariko tana ƙasa da teku da kusan mita 250, tsakaninsu bai kai kilomita 30 ba, to a wannan 'yar tafiyar mutum na gangarar mita 1000, cikin lunguna irin waɗannan da in an tare ka ko ihu ka yi ba mai ji. Baba Fasto na mayar da maganar da Hausa a hankali, jimla bayan jimla. Wata Mama daga wajen Kafur, wadda ta san mi ake nufi da a tare mutum a hanya kamar yadda duk mu 'yan jihar nan muka sani a 'yan shekarun nan, ta riƙe bakin zanenta ta ce, Baba Fasto ashe Basamariyen nan ransa ya sa a kasada da ya tsaya. Shi ke nan, wa'azi ya gama kansa, ba wanda ya ƙara komai muka koma mota.

Wannan shi ne aikin jagora na ƙwarai, ya san inda zai tsayar da mota ya kuma san lokacin da zai yi shiru. Shi Baba Faston ma ya iya nashi, da muka isa Baitalami ya ce ku tuna daga Nazarat Maryamu ta taso da tsohon ciki, tafiyar ta kusa daga nan Katsina zuwa Kano, kuma ba mota, sai ka ji matan zumunta sun ɗauki salati gaba ɗaya don yanzu nisan ya shiga kansu.

Amma abin da na fi so in tsaya a kai shi ne gaskiya. Don a Urushalima za a kai ka kabari biyu, kowanne ana alaƙanta shi da Yesu, kuma a nan ne ake gane malami. Na farko yana cikin babbar majami'ar nan ta Kabari Mai Tsarki a tsohon birni, wadda aka gina zamanin sarki Kustantin aka keɓe ta a 335, ciki duhu da turare da kyandir da cunkoso, ɗariku 6 ke raba ta, Girkawa da Katolika da Armeniyawa da Kibɗawan Masar da Siriyawa da Habashawa waɗanda ɗakunansu ke saman rufi. Na biyu shi ne Kabarin Lambu a wajen ganuwa kusa da Ƙofar Dimashƙu, wanda wani janar na Ingila mai suna Gordon ya ƙara ma suna a 1883, wuri mai itatuwa da furanni da kujeru, shiru, ga wajen yin waƙa da cin jibin Ubangiji. Mu 'yan ECWA da Baftis da sauranmu zuciyarmu ta fi kwanciya a lambun, ni ma haka, don ya fi kama da hoton da muke da shi a kai tun makarantar Lahadi.

To sai wani dattijon ikkilisiya ya yi tambayar da ke bakin kowa, ya ce ranka ya daɗe wanne ne na ainihin? Gaid bai yi kwana-kwana ba. Ya ce yawancin masanan tarihi da tonon ƙasa sun fi karkata ga tsohuwar majami'ar, don a zamanin Yesu wurin yana wajen ganuwa ne, wajen fasa dutse ne da aka bari, akwai kaburburan wancan zamani a ciki har yanzu, daga baya ne aka faɗaɗa ganuwar ta haɗiye shi, sarki Hadriyan kuma ya gina ɗakin gunki a kai, Kustantin ya zo ya rushe. Kabarin lambun kuma masana sun ce ya girmi Yesu da ɗaruruwan shekaru, alhali Bishara ta ce sabon kabari ne da ba a taɓa sa kowa ba. Ya ce amma ba wanda zai ɗora hannu a dutse ya rantse maka. Na kalli fuskokin mutanenmu ina tsoron kar wani ya karaya, amma ba wanda ya karaya, sai ma aka ƙara yarda da shi, don daga ranar in ya ce wannan tabbas ne mun san tabbas ɗin ne. Da ya nuna mamu kwalekwalen da aka tono a bakin Tekun Galili a 1986 lokacin da ruwa ya ja baya saboda fari, mai tsawon mita 8 da ɗan wani abu, ya ce na zamanin ne amma ba wanda ya ce Yesu ya shiga shi, irinsa dai almajirai suka yi su da shi. Wannan ya ishe mu, mutane suka tsaya suna ƙirga ko mutum 13, wato Yesu da almajiransa 12, za su shiga ciki.

A ƙofar wannan tsohuwar majami'ar ma ya faɗa mamu abin da na so a ce duk maƙwabtana na unguwa sun ji, wai makullin ƙofar a hannun Musulmi yake tun ɗaruruwan shekaru, gidan Judeh ke ajiye shi, gidan Nusaiba ke buɗewa da rufewa kullum. Ga kuma masallacin Umar nan dab da wurin, wanda ake danganta shi da labarin cewa Sayyidina Umar ya ƙi yin salla a cikin cocin don kar na bayansa su mayar da ita masallaci. Mu da muke zaune gida da gida da Musulmi, wasunmu ma uwa ɗaya uba ɗaya, irin wannan bayanin ba ƙaramin guzuri ba ne, amma jagoran da ke sauri ba zai tsaya ya faɗa maka ba.

Kuma masu saurin suna nan da yawa, abin yana ci mani rai. Mun haɗu da wata bas ta 'yan Najeriya a otal, da muka zauna hira da dare sai suke cewa su minti kaɗan aka ba su a Gatsemani amma a shagon tsaraba sun fi awa, kuma kowa ya san wasu jagororin suna da kasonsu a cinikin. Wani kuma nasu na gida ne matsalar, ya mayar da tafiyar kasuwar mu'ujiza, ruwan Urdun a kwalba da man zaitun da ƙasar wuri kaza, kowanne da alkawarin da aka liƙa mashi, talaka ya sayar da buhunan masara ya zo a ƙara tatse shi. Ban hana kowa tsaraba ba, ni ma na sayo gicciyen itacen zaitun a Baitalami don masu sassaƙa shi Kiristoci ne kuma da shi suke ci. Amma a faɗa ma mutane gaskiya. Ko wurin baftisma na Yardenit da ake yawan kai mu, wuri ne mai kyau da tsabta kusa da inda kogin ke fita daga Tekun Galili, a 1981 aka buɗe shi don masu ziyara, inda al'ada ta fi nunawa a matsayin wurin da Yohanna ya yi ma Yesu baftisma yana can kudu kusa da Yariko, Kasr al-Yahud ta gefen yamma da kogin, Al-Maghtas ta gefen Jodan. Mi zai ragu in an faɗi haka?

Sai maganar yare, wadda ita ce tamu ta musamman mu Hausawa Kirista. Iyayenmu na ƙauyukan Malumfashi da Kafur da Bakori da yawansu ba su jin Turanci, balle Turancin Balarabe ko Bayahude ta sifikar mota. In ba a sa mai fassara da ya san Littafi ba, tsohuwa za ta yi kwanaki tana bin mutane a baya, a ce sauka ta sauka a ce hau ta hau, ta dawo a tambaye ta mi kika gani ta ce duwatsu da coci-coci. Alhali tun 1932 muke da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, matan nan sun haddace ayoyi da waƙoƙi fiye da mu masu boko, abin da suke buƙata kawai wanda zai haɗa masu abin da ke kansu da abin da ke gabansu. Kujerar malamin ayari bai kamata ta zama ta sakayya ko ta wanda ya san wani ba, a ba wanda ya yi karatun, ya san taswira, ya kuma iya Hausar da Inna za ta gane.

A nan ina ganin ya kamata mu koya daga 'yan uwanmu Musulmi, ka duba yadda suke yi ma maniyyata bita makonni kafin tashi, a ƙananan hukumomi, da Hausa, malami na nuna masu abin da za su tarar da yadda za su yi. Mu sau da yawa taro ɗaya ake yi a gaya mamu kar a gudu kar a zubar da mutuncin ƙasa, wanda gaskiya ne, amma bai isa ba. Yanzu ma buƙatar ta ƙaru, don tun yaƙin da ya ɓarke a Oktoba 2023 tafiyar Isra'ila ta sha tangarɗa, jagorori da masu shaguna na Baitalami sun shiga wani hali, wasu ayarin kuma aka karkatar da su Jodan ko Roma ko Girka. Mutum ya hau Dutsen Nebo a Jodan bai san nan ne Musa ya hango ƙasar da ba zai shiga ba, ko ya tsaya a Atina ta Girka ba a buɗe mashi Ayyukan Manzanni 17 ba, to mi ya je yi?

Don haka mu a majami'armu mun fara ɗan zama bayan sujada ranar Lahadi da waɗanda ke da niyya, Baba Fasto ya samo babbar taswira mun manna a bango, muna bi wuri wuri daga Nazarat zuwa Kana zuwa Kafarnahum har Urushalima, kowane wuri da ayoyinsa, waɗanda suka taɓa zuwa suna nuna hotunansu a waya. Har waɗanda ba su da kuɗin tafiya suna zuwa, sun ma fi masu tafiyar yawa. In kana cikin garin Katsina kana so ka shiga ka yi mani magana, ka zo da Littafinka da biro da takarda, sati mai zuwa muna Yariko da Tekun Gishiri.