Shekara shida a mangaza, mutum guda na fito da shi

An kwana biyu da na aje makullin mangaza, wato ɗakin ajiyar kaya, amma sai yanzu zuciyata ta ɗan sanyaya har nike iya maganar. Wanda duk ya yi aikin kaya a Maraɗi ya san yadda abin yake kafin a rufe iyaka, shinkafa ta taso daga Kwatano ta biyo Gaya, a sauke nan, a sake lodi zuwa Ɗan Isa da Jibiya, kai dai naka ƙirga buhu da sa hannu a takardar bon, wato takardar shaidar shiga da fitar kaya.

Akwai wani da muka shekara shida tebur guda, kwano guda muke cin dambu da rana, fada guda muke shan shayi a unguwar Zariya, ranar sunan ɗiyata shi ya tsaya kan rabon goro. Ni wallahi ɗan uwa na ɗauke shi. Da aka rufe iyakoki bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 kaya suka daina shigowa, Najeriya ta yanke mana wuta, Alhaji mai mangazar ya fara maganar rage ma'aikata, kowa ya shiga taitayinsa. Wata ranar Alhamis ina gaggawar kai mahaifiyata likita sai abokin nan nawa ya ce min, mutumina je ka abinka, sa hannu kawai ni zan tsaya kan lodin. Na sa hannu ban ƙirga ba. Wannan kuskurena ne, ban taɓa musu ba, kuma har gobe in na tuna sai na ji kamar in mari kaina.

Da aka zo lissafin ƙarshen wata buhu 40 babu. Alhaji ya tara mu a biro, na juya na dubi mutumin nan ina jiran ya buɗe baki, sai ya ce shi ranar ma bai leƙa mangaza ba, yana duwan. Ko ƙifta ido bai yi ba. Sauran da muke raha da su kullum kowa ya sunkuyar da kai yana latsa salula, su ban ma ga laifinsu sosai ba, kowa tuwon gidansa yake karewa. An zabtare min albashin wata biyu aka sallame ni, shi kuwa yanzu makullin na hannunsa, Allah ya sanya albarka.

Wanda ya zo gidana bayan kwana uku tsohon mai gadi ne, wanda gaisuwa kaɗai ke haɗa mu, wani lokacin ma ina bisa moto nike ɗaga mashi hannu in wuce. Ya zo da tiya biyu ta hatsi da jikka biyar a ƙulle cikin leda, ya ce ɗana riƙe wannan, na ga motar da ta fita ranar kuma na faɗa ma Alhaji, bai saurare ni ba. Kunya ta hana ni haɗa ido da shi.

Masu shiga aiki yanzu, ku yi gaisuwa da kowa, ku ci ku sha tare, amma bon a ƙirga kafin a sa hannu ko da wanda kuka sha nono guda ne. Sirrin gida kuma a bar shi gida.

Grup ɗin WhatsApp na ma'aikata kuwa tun ban kai bakin titi ba aka fidda ni. Baba mai gadi har yanzu duk Juma'a in an sauko masallaci sai ya biyo ya tambayi jikin tsohuwa.